Tsintar Bulo Tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Motarmu ta baro Zariya bayan sallar asuba, cikin hazon Janairu irin wanda ke sa direba ya bar fitila a kunne har hantsi. Muka wuce Kwanar Dangora da Kura, muka shigo ta Na'ibawa inda 'yan lemo ke sauke kaya, aka ajiye mu a tashar Unguwa Uku. Daga nan na tari ɗan sahu zuwa Tarauni, gidan Yayata. Dubiya ce ta kawo ni. Ɗanta na uku, yaro ɗan shekara tara, yana fama da sikila, kuma sanyin hunturu ba ya raga masa. Ya yi kwana biyar a Asibitin Malam Aminu Kano, aka sallame shi da sharaɗin ban da ƙwallo, ban da guje-guje, ya yawaita shan ruwa, kada ya rabu da rigar sanyi. Na same shi a kan tabarma ya jingina da bango, kunnensa yana waje, inda sa'o'insa ke ihu a layi. Na miƙa masa ledar dabino da aya, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Na gode, Kawu," ya ajiye a gefe. Ciwon ya lafa, amma zaman wuri ɗaya yana cin ransa.

Washegari na raka Yaya karɓo sakamakon gwajin jini. Da muka gama ta koma gida saboda girki, ni kuma na ce zan taka. Tun da asibitin koyarwar nan, wanda aka kafa a 1988, ya zauna a gefen Titin Zariya, wannan yanki na Gyaɗi-Gyaɗi ya koma kasuwar 'yan jinya. Kantunan magani ne jere da juna, ga ɗakunan gwaji, ga masu filas da bokiti da tabarmar roba, ga masu shayin da ba sa kashe wuta. A benci ɗaya za ka ji Hausar Haɗeja da ta Katsina da ta Damagaram, kowa da takardar likita a aljihu. Na bar hayaniyar na karya Kot Rod. La'asar ta yi sakaliya, masu gwanjo sun fara baje kaya a bakin hanya.

Can ƙarshen layinsu wani dattijo ya shimfiɗa tamfol ya zube kayan wasan yara: 'yan tsana da gashinsu ya cukurkuɗe, motoci masu taya uku, jirgin sama mai fiffike ɗaya, wayoyin wasa da batirinsu ya mutu tun a ƙasar da suka baro. Kusa da ƙafarsa akwai wani baho cike da ƙananan tarkace masu launi-launi, ƙura ta lulluɓe su.

"Baba, barka da kasuwa. Waɗannan fa?"

"Bulo ne, Malam, na yara. Gindin buhu ne, ba mai tambayarsu. In kana so in auna maka da gwangwani."

Na tsuguna na sa hannu. Na san abin tun ina yaro a Samaru, a gidan wani malamin jami'a da 'ya'yansa ke da akwati guda nasa, mu kuwa muna ta fama da motar kara da ta langa-langa. Na ɗauko ja guda ɗaya mai maɓalli takwas a bisa, na goge da gefen riga, na kai shi ga haske. A kan kowane maɓalli ga haruffa huɗu ƙanana an buga: LEGO. Na juya cikinsa, ga 'yan bututu uku a jere. Na nemo wani shuɗi na ɗora shi a kai na danna, ya ce ƙas, ya kama kamar an sa masa gam, na ja kuma ya saki ba gardama.

Wannan kamawa da sakin su ne dukan sirrin abin, kuma an daɗe kafin a kai gare su. Wani kafinta ne a ƙaramin garin Billund na ƙasar Denmak, Ole Kirk Christiansen, ya koma sassaƙa kayan wasa na katako a 1932, lokacin da karayar tattalin arzikin duniya ta tsayar da aikin gini. A 1934 ya raɗa wa sana'ar suna daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. Bulon roba ya fara fita a 1949, amma cikinsa fayau yake, ana taɓa gini sai ya watse. Ɗansa Godtfred ne ya yi rajistar dabarar bututun nan ranar 28 ga Janairu, 1958, kuma daga 1963 suka koma wata roba mai tauri da ake kira ABS. Tun daga 1958 ɗin ma'aunin bai motsa ba, milimita takwas ne daga tsakiyar maɓalli zuwa tsakiyar na kusa da shi. Saboda haka bulon da aka zuba kafin Najeriya ta sami 'yancin kai zai hau kan wanda aka zuba bana ya zauna daram. Duk ƙwayar da ke cikin bahon dattijon nan, ko daga wane gida ta fito, ko a wace shekara, 'yar uwar sauran ce.

Sai dai ba duka ba ne na asali. Wa'adin rajistar ya daɗe da ƙarewa, kamfanoni da yawa suna zuba irinsa, galibi a ƙasar Sin, kuma su ne suka cika shagunan kayan yara a Sabon Gari da Titin Gidan Zoo. Wasu ba su da laifi. Wasu kuwa ko dai su ƙi shiga, ko su shiga su ƙi fita, ko su tsage a hannun yaro. Na zauna a kan dugadugaina ina ware masu rubutu gefe guda. Dattijon ya yi ta kallona, can ya kasa haƙuri.

"Wai Malam, me kake dubawa ne haka?"

Na nuna masa. Ya ciro tabarau daga aljihu, ya juya bulon sau biyu, ya ce shi karatun allo ya yi, amma ya ga alamar, zai gane ta ko a ina. Na auni gwangwani uku. Abin da na biya bai kai kuɗin mudun shinkafa ba.

Da na zazzage ledar a tsakar gida, Yaya ta dube ta ta ce, "Wannan dattin ba zai taɓa hannun yaron nan ba sai an wanke." Gaskiyarta. Abin da ya yi shekaru a ƙarƙashin gadon wani gida a Ingila ko Kanada, ya bi ta shagon sadaka, aka ɗure shi a buhu tare da takalma da jakunkuna, ya kwana a kwantena har Kwatano, ya biyo mota ta Maraɗi da Jibiya, ya sha ƙurar Kano, dole ya zo da tarihinsa a jiki. Akwai masu busasshen cingam, akwai masu shatin haƙori, akwai wanda aka rubuta wa harafi da alƙalamin da ba ya gogewa.

Wankin yana da ƙa'ida, kuma nan ne na fi so mai karatu ya tsaya. Ruwan zafi yana lanƙwasa robar, in kuwa ta lanƙwashe ko da kaurin gashi ne, kamun ya tafi ke nan. Kamfanin da kansa ya ce kada zafin ruwan ya wuce digiri 40, wato ɗumin da za a yi wa jariri wanka da shi. Muka sirka ruwa a baho, muka ɗiga sabulun wanke-wanke, muka raba duk waɗanda ke manne da juna, muka jiƙa su. Masu ɗauke da takardar manne da wani guda mai waya a jiki muka ware, tsumma mai laima kawai suka samu. Bayan sallar magariba muka zauna da tsofaffin buroshin goge baki, ni da 'yan matan gidan biyu, muna bin tsakanin maɓallai da cikin bututu, inda dauɗa ke maƙalewa. Ruwan farko ya fito kamar na kwata. Wajen ɗauraya Yaya ta kawo dabarar da ban yi tunaninta ba: ta yanko tsohon gidan sauro ta shimfiɗa a cikin kwando, don akwai ƙwayoyin da ba su fi ƙwayar masara ba, ruwa ɗaya zai tafi da su ta rariya.

Shanya ta fi wankin wuya. Hannu yana kai wa ga rana ne, don haka muka saba da komai, daga tufafi har barkono. Amma rana ce ke mayar da farin bulo ruwan ƙwai, ta dusashe shuɗi da ruwan toka, balle ranar Kano. Muka baza su a kan zani a inuwar baranda, muka rufe da sauran gidan sauron saboda ƙura. Iskar hunturu ta taimaka, duk da haka sai da muka kwana biyu muna juya su, domin ruwa yana ɓuya a cikin bututun, ka ɗauka ya bushe, ka girgiza ya ɗigo.

Ranar da aka zo rarrabewa na fara tara ja wuri ɗaya, kore wuri ɗaya. Yaron ne ya tsayar da ni. "Kawu, in ka tara ja duka, yaya zan ga ƙarami a cikinsu? Ka tara masu kama ɗaya, launin ai ido zai gani." Haka kuwa masu wannan harka a duniya suke yi, da siffa suke warewa, shi kuma ba wanda ya gaya masa. Aka kawo faifai da tire da murafen kwano. Masu maɓalli takwas nan, masu huɗu nan, falle-falle nan, tayoyi da tagogi can. Yaya tana wucewa ta ce wannan ai tsintar wake ce, ta zauna, cikin ɗan lokaci ta gama abin da ya gagare ni tun safe. Sharaɗi ɗaya ta kafa, kuma ina maimaita shi ga duk wanda zai kai wannan abu gidansa: kada ƙwaya ɗaya ta kwana a ƙasa, domin akwai mai rarrafe a gidan, kuma duk abin da ta samu baki take kai shi. Na 'yan ƙasa da shekara uku daban ne, manya ne, ana kiransu Duplo, tun 1969 ake yin su, kowane ɓangare ninki biyu na ƙaramin.

Daga ranar ba a ƙara jin yaron yana tambayar ƙarfe nawa ba. Wani masanin lissafi ɗan Denmak, Søren Eilers, ya taɓa ƙirgawa da kwamfuta cewa bulo shida masu maɓalli takwas za su haɗu ta hanya 915,103,765. Yaronmu yana da gwangwani uku.

Wata maƙwabciya, malamar makarantar rainon yara, ita ta ga shanyarmu ta ce akwai wani saurayi a bayan Kasuwar Tarauni da ke kawo wa makarantarsu irin wannan, a wanke, a ƙulle a leda. Ta kwatanta mini. Na bi ta layin masu kaji, inda ake yanka da fiɗa ana zuba ruwan zafi, na wuce masu kayan miya, na shiga wani lungu. Shago ɗaya ne a jikin gidansu, rabinsa kayan cajin waya da gyaranta, rabinsa kanta da aka jera robobin man shafawa da na bota, kowace da takarda a jiki. A kan tebur ga ƙaramin sikeli irin na masu kek.

Ya ce difloma ya gama, aiki bai samu ba. Ranar da ake fasa dila yakan yi sammako zuwa Kasuwar Ƙofar Wambai, ya tsaya kan masu buhunan kayan wasa. Kowa 'yan tsana da motoci yake wawa, shi kuwa gindin buhu yake jira. Wani makon ya samo rabin leda, wani makon ya dawo hannu rabbana. Yana da yara biyu cikin 'yan jari-bola da ya nuna wa alamar, in sun tsinta su kawo masa. Ya wanke, ya ware, ya auna, ya ƙulla. Masu sayensa makarantu ne masu zaman kansu, da iyaye mata da ke ganin hoton a WhatsApp, da wasu 'yan Abuja da Legas da yake aika wa ta mota daga tasha.

Ya ɗauko bulo irin wanda na fara ɗauka a Kot Rod, ya haska cikinsa da fitilar waya. "Yallaɓai, duba nan." Ga lamba ƙarama: 3001. Kowace siffa da lambarta. Da ita yake shiga BrickLink, kasuwar intanet da wani mai suna Dan Jezek ya buɗe a shekarar 2000, wadda kamfanin Lego ya saye a 2019, ya ga sunan ƙwayar, da kwalayen da ta taɓa fitowa a ciki, da abin da ake sayar da ita. In ya ga ƙwayoyi da yawa sun nuna kwali ɗaya, sai ya sauko da littafin haɗawa, wanda kamfanin ke bayarwa kyauta a shafinsa, ya fara bin sawun sauran. Ya nuna mini wata motar kashe gobara da ya yi wata bakwai yana tarawa. Saura tsani da gilashin gaba.

Wata robar ya buɗe a hankali. 'Yan mutane ne masu kan rawaya, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, irin waɗanda aka fara yi a 1978. Ya ce wasu iyayen nan sukan ce a cire musu su, ba sa son mutum-mutumi a gida, wasu kuma su ce na wasan yara ba komai. Shi ba ya jayayya da kowa, wanda ya ce a cire ya cire. Kuma su ne suka fi komai kuɗi in ya aika Kudu, wani guda ɗaya ya fi ledar bulo.

A nan na kawo maganar da ke raina, don na karanta cewa a Turai da Amurka abin ya wuce wasa, ya zama ajiyar dukiya. Wasu masu bincike biyu a Babbar Makarantar Tattalin Arziki ta Mosko, Victoria Dobrynskaya da Julia Kishilova, sun bi farashin kwali 2,322 daga 1987 zuwa 2015, suka ga a tsakaice darajarsu tana ƙaruwa da kashi 11 cikin ɗari a shekara, abin da ya ɗara gwal a wannan tsakanin. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin yakan sayar da kwali shekara biyu ko uku ya daina, yaran da suka yi sha'awarsa ba su samu ba su girma su yi kuɗi, su dawo nema, kayan kuwa ya ƙare. Kwalin Taj Mahal na 2008, mai ƙwaya 5,922, dala 300 aka sayar da shi, bayan an daina yin sa ya kai dubban daloli.

Saurayin ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙe ya sauko da wani abu daga saman kanta, a naɗe cikin leda biyu. Kwali ne sabo, ba a taɓa ɓalle shi ba, ya saya hannun wani da ya dawo daga Dubai. "Shekara biyu ke nan, Yallaɓai. A waya kuɗinsa ya hau. A Kano ban ga wanda zai ba ni ko abin da na biya ba. Kullum ina duba shi saboda gara da ɓera. Ni yanzu na yarda ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Ina ganin ya fi masu binciken sanin inda yake tsaye. Lissafinsu a kan kwalin da ba a buɗe ba aka yi shi, a ƙasashen da mai saye yake ko'ina, gidan waya yana kai kaya har ƙofa, kuɗi yana shiga cikin minti. Ko a can ma tsakaicin yana ɓoye da yawa, don a cikin binciken akwai kwalayen da suka faɗi warwas. Kuma mai abu yana iya sake bugawa ranar da ya ga dama. A 2017 kamfanin ya dawo da Taj Mahal ɗin, ya kuma fitar da sabon jirgin Millennium Falcon mai ƙwaya 7,541, farashin tsofaffin ya sauko, waɗanda suka cika ɗaki da su suka ji a jikinsu. Mu nan sai a ƙara da zafin bazara da ke sakin gam ɗin kwali, da laimar Agusta, da kuɗin aikawa waje wanda zai cinye ribar tun kafin kaya ya bar Legas. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, sabon kwali ya fi ƙarfin yawancin masu albashi, dilar gwanjo ma ta hau.

Abin bai zama mini baƙo ba, don na tashi na ga irinsa a ɗakin mahaifiyarmu. Jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, kwalla da samira da tangaran, ba a taɓa zuba tuwo a ko ɗaya ba. Ranar Juma'a ake sauke su a goge a mayar. Ado ne, kuma asusu ne, in wata lalura ta taso sai a kira dillaliya ta ɗauki saiti ɗaya ta zaga gidaje. Ya yi wa iyayenmu rana shekaru da yawa. Amma da yayi ya juya, amare suka koma kuloli da kayan gilashi, jeren da aka tara da guminsu ya zama abin da dillaliya ke karɓa don kunya. 'Yan kunnen gwal ɗinta kuwa har yau in an kai su kasuwa za a auna a biya. Kayan da darajarsa ke rataye da sha'awar mutane yana buƙatar masu sha'awar a kusa, kuma su daɗe suna sha'awar. Wanda ya tambaye ni ko ya zuba jarinsa a kwalin bulo ya ajiye a Kano, zan ce masa ya sayi tunkiya, ko ya sayi hatsi a Dawanau da kaka. Ribar da na gani da idona a shagon nan ta fito ne daga sammako, da buroshi, da sanin lamba, da haƙurin jiran tsanin motar kashe gobara. Sana'a ce ƙarama mai tsabta, tana biya masa kuɗin data da na sabulu har ya ba mahaifiyarsa wani abu, kuma ba ya kiranta da sunan da ya fi haka.

Da zan tafi ya ce in zo ya nuna mini inda sauran ke ƙarewa. Muka taka zuwa wani fili da aka kewaye da kwano, inda 'yan jari-bola ke kawo abin da suka tsinto a auna musu. Tsibin roba ne ya fi tsayin mutum: fasassun bokitai, kujeru masu ƙafa uku, butoci, jarkoki. Yara suna warewa, mai laushi gefe, mai tauri gefe, fari daban, mai launi daban. Daga nan sai injin niƙa, sai buhu, sai masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda za a narka a sake zuba wani abin. Ina girmama wannan aiki, don ba don su ba da kwatocin Kano sun fi haka toshewa. Amma a gindin tsibin masu tauri, tsakanin murfin rediyo da madannan kwamfuta, saurayin ya tona da ƙafa ya ɗauko ƙwaya huɗu, ɗaya har da taga. A sikelin wurin nauyinsu bai isa a rubuta ba. A 1997 igiyar ruwa ta kaɗo kwantenoni daga wani jirgi mai suna Tokio Express a kusa da gaɓar Cornwall ta Ingila, ɗaya yana ɗauke da ƙwayar Lego kusan miliyan biyar, kuma har yanzu mutanen wurin suna tsintarsu a bakin teku. Masu bincike a Jami'ar Plymouth sun auna irin waɗanda ruwa ya kaɗo, suka ce a 2020 bulon zai iya yin shekara 100 zuwa 1,300 a cikin teku kafin ya narke. Abin da ke da wannan ƙarko, wanda zai iya bin hannun yara goma ɗaya bayan ɗaya, ya zo har Tarauni lafiya lau, sannan injin ya haɗiye shi cikin daƙiƙa don ba wanda ya duba kan maɓallinsa. Wannan ya tsaya mini a rai har na isa gida.

Na tarar yaron ya ture motocin da ya fara haɗawa, ya shiga gini. Zaure ne mai ƙofa ɗaya, da katanga, da zanko a kowace kusurwa, ya yi su da 'yan ƙananan masu gangare. Ya ce Gidan Makama ne, an taɓa kai su daga makaranta. Launin ya cakuɗe, ja da rawaya da kore, amma duk wanda ya san birni zai gane abin da yake nufi. Na ba shi labarin tubali, yadda magina ke cura shi da hannu, gindi faɗi kai tsini, a shanya, a jera shi a tsaye a bi da laka, da yadda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara tun ƙarni na 19. Na nuna masa a waya aikin Ekow Nimako, ɗan asalin Gana mazaunin Kanada, wanda ya gina birnin Kumbi Saleh da baƙin bulo kusan 100,000, yana nan a gidan tarihi na Aga Khan a Toronto. Ya daɗe yana kallo, yana buɗa hoton da yatsa. Bai ce komai a kan girman aikin ba. Tambayarsa ɗaya ce, yaya aka yi rufin bai faɗo ba, don nasa ya faɗa sau uku.

"Kawu, azara nake nema. Dogaye falle-falle, masu maɓalli goma ko sha biyu. Guda huɗu sun isa. In ka ga mai lanƙwasa kamar baka, shi ma ka ɗauko."

Ranar da zan koma Zariya na ce wa ɗan sahu mu fara biyawa ta Gyaɗi-Gyaɗi. Dattijon yana nan a inda na bar shi, ya naɗe wuya da rawani saboda iska. Bahon ba ya gefen ƙafarsa. Yana hango ni ya sa hannu a ƙarƙashin tamfol ya jawo wata baƙar leda a ƙulle.

"Malam, na san za ka dawo. An fasa wani buhun shekaranjiya. Ni da jikana muka zauna muka duba ɗaya-ɗaya, duk da alamar nan taka. Har wankewa ya yi."

"Da ruwan zafi, Baba?"

"A'a, na randa."

Na kwance ledar. Ga falle dogaye guda uku, ruwan toka, ga baka ɗaya fari da ya ɗan yi ruwan ƙwai. Na tambayi kuɗi. Ya ce wannan ba na gwangwani ba ne kuma, ya faɗi abin da ya ninka na farko sau biyu. Na nemi ragi, ya ce albarka, ya rage kaɗan don jikan ya sami na alewa a cikin nasa. Na biya. Ya ce in Allah ya kai mu wani fashin dilar zai ajiye mini na huɗun. Na koma cikin ɗan sahu na ce wa direba mu juya Tarauni tukuna, akwai saƙon da zan sauke kafin tasha.